Yadda ake kula da haƙoran yaro tun daga fitowarsu har ya gama famfara

"Ai zai faɗi wani ya fito." Da wannan magana ake sallamar yawancin ciwon haƙorin yara a gidajenmu, ko a Rigasa ko a Unguwar Rimi a nan Kaduna. Gaskiya ne zai faɗi, amma yaushe? Haƙoran yarinta ashirin ne. Na farko yakan ɓullo wajen wata shida, a ƙasa ta gaba, su cika kafin shekara uku. Na gaba su ke fara zuba a shekara shida ko bakwai, amma na tauna da ke can ciki suna nan daram sai yaro ya kai goma zuwa sha biyu. Ke nan idan turmin ɗan shekara huɗu ya yi kogo, saura masa shekara shida ko fiye yana tauna da shi. Kuma a ƙarƙashin kowanne akwai haƙorin girma yana ginuwa a cikin ƙashi, yana jiran gurbin da na yarintar ke riƙe masa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran yarinta a duniya.

Abin da ke cin haƙori

Babu tsutsa a cikin haƙori, ko da mai magani ya nuna maka wani abu yana motsi a cikin kwano. Abin da ke akwai shi ne wannan dauɗa mai yauƙi da ke kwanciya a gindin haƙora, wadda idan ka kankare ta da farce za ka ga fara-fara. Cike take da ƙwayoyin cuta. Da zarar sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da ruwa mai tsami, shi kuma ya fara narkar da farin fentin haƙori. Cikin 'yan mintoci abin ke farawa, kuma yawu kan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ya wanke tsamin ya fara mayar wa haƙori abin da ya rasa. Saboda haka yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki a yini ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna.

An tabbatar da wannan a wani bincike da aka yi a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin daga 1945 zuwa 1953. An raba majinyata rukuni-rukuni: waɗanda aka ba sukari tare da abinci haƙoransu ba su lalace sosai ba, waɗanda kuwa aka riƙa ba alewa mai danƙo tsakanin abinci, wasu har 24 a yini, bakinsu ya cika da kogo. Masu larurar ƙwaƙwalwa aka yi wa wannan aiki ba da yardarsu ba, abin da yau babu hukumar da za ta lamunta, amma darasinsa ya zauna.

Mataki na farko: tun yana goyo

Nono zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Tsotson nono aiki ne ga muƙamuƙi da harshe, ya fi na fida nesa ba kusa ba. Kafin haƙori ya fito, ki naɗa tsumma mai tsafta a yatsa, ki jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce, ki share masa dasashi safe da dare. Ranar da na farko ya leƙo, buroshi ya shigo.

Babbar ɓarna a wannan shekaru ita ce fidar dare. A dama kunu ko shayi da madara, a zuba sukari cokali biyu, a sa wa yaro a baki ya yi barci da ita. Cikin barci yawu yana raguwa ƙwarai, zaƙin ya kwana a kan haƙoran sama na gaba. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara biyu haƙoransa huɗu na sama sun yi baƙi sun ɓurɓushe, na ƙasa kuwa lafiya lau, domin harshe ya rufe su. Yaro ya koma kofi daga wata shida zuwa shekara ɗaya, in kuma dole sai da wani abu a baki zai yi barci, ya zama ruwa. Zuma ba ta dace da wanda bai cika shekara ba. Tauna wa yaro abinci, ko lasar cokalinsa a ji zafin kunu, hanya ce ta kwashe ƙwayoyin cutar bakin babba a zuba masa.

Sai batun "haƙori yake yi". Fitowar haƙori kan sa dalalar yawu, ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba ta kawo gudawa mai yawa, amai ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne a daidai watannin nan yaro ke rarrafe, kome ya samu sai baki, ga sauro. Idan aka ɗora wa haƙori laifi aka zauna, maleriya ko gudawa na can na cin yaro. Kaka za ta ce, "Ke dai ki nemo masa maganin haƙori, mu da shi muka raine ku." A amsa mata da ladabi, amma a tuna abin da ya faru a ƙarshen 2008, lokacin da maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya lalata ƙodar yara. Hukumomi sun ce yara 84 suka rasu, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin su. Yatsa mai tsafta a murza dasashi, ko tsumma mai sanyi ya ciza, ya wadatar. A kuma guji kafson tetirasaikilin, mai ja da ruwan ɗorawa, da wasu ke ɓarewa a ba yaro don gudawa: yana shiga haƙoran da ke ginuwa ya rina su rinin da ba ya fita, shi ya sa ba a ba ɗan ƙasa da shekara takwas.

Mataki na biyu: gogewa

A nan yawancinmu muke tsammanin mun iya. Ki duba bayan kwalin makilin, ki nemi inda aka rubuta yawan fuloraid: a samu 1000 zuwa 1500 ppm (ma'aunin yawansa ke nan a cikin man). Fuloraid shi ke ƙarfafa fentin haƙori ya jure wa tsami, har ma ya gyara inda ya fara laushi. Wasu man yara masu ƙamshin alewa ba su da shi ko kaɗan. Ga ɗan ƙasa da shekara uku, a shafa kwatankwacin ƙwayar shinkafa; daga uku zuwa shida, kwatankwacin ƙwayar wake ƙarama. Ba a cika buroshi dam yadda ake nunawa a talla.

Kada ki tsaya gabansa kina cewa "buɗe baki" yana ja da baya. Ki zauna a tabarma ko bakin gado, ki kwantar da kansa a cinyarki yana kallon sama, ko ki tsaya bayansa ki jingina ƙeyarsa a jikinki. Da yatsan hannun hagu ki ɗaga leɓen sama har ki ga inda haƙori ya haɗu da dasashi, domin nan dauɗar take. Ki ɗan karkata buroshi zuwa wajen dasashin, ki riƙa zagayawa a hankali, haƙori biyu-biyu: ta waje, ta ciki wajen harshe, sannan saman da ake tauna da shi. Ki fara da na can ƙurya tun bai gaji ba. Minti biyu ake so. Idan kin ga ɗan jini, ba dalilin dainawa ba ne. Dasashi ne ya kumbura saboda dauɗa, kuma in an dage da gogewa yakan daina cikin mako ɗaya ko biyu. In ya wuce haka, a kai shi a duba.

In an gama ya tofar, amma kada ya kurkure da ruwa, a bar sauran man ya kwanta a haƙori. Wannan yana yi wa mutane banbaraƙwai, amma shi ne daidai. Sau biyu a yini, kuma na dare ya fi na safe muhimmanci: bayan an ci tuwon dare, a goge, daga nan babu abin da zai sake shiga baki sai ruwa. Yaro ba ya iya goge wa kansa da kyau sai wajen shekara bakwai ko takwas. Kafin nan a bar shi ya fara, babba ya ƙarasa.

Aswaki yana da amfani, yana kankare dauɗa idan an iya riƙe shi, kuma yaron da ya taso yana ganin mahaifinsa da shi kafin kowace sallah ya samu tarbiyya mai kyau. A ra'ayina a haɗa biyun: aswaki da rana, buroshi da makilin safe da dare. Gawayi, toka da gishiri kuwa suna kankare fentin ne tare da dauɗar. Kowane yaro da buroshinsa, a tsayar da su kai sama su bushe ba tare da suna taɓa juna ba, a sauya bayan wata uku ko da zarar gashin ya baje.

Mataki na uku: tsara zaƙi

Hana yaro alewa ɗungurungum ba ya yiwuwa a garin da kawu zai zo da leda, ga tireda a ƙofar gida, ga masu talla a bakin makaranta da Islamiyya. Abin da ke yiwuwa shi ne a tattara zaƙin wuri ɗaya. Ku lissafa yinin ɗan firamare: shayi da sukari da safe, biskit da lemon roba lokacin tara, cingam a hanyar dawowa, zoɓo mai sanyi da azahar, tuwon madara ko gullisuwa a Islamiyya, alewar tsinke da magariba. Sau shida ke nan haƙori na shan tsami, yawu bai samu sararin gyara kome ba. Da za a haɗa su duka a ba shi bayan abincin rana ya cinye ya sha ruwa, da ɓarnar ta ragu sosai. Mafi muni su ne masu maƙalewa a ramukan turame da waɗanda ake daɗewa ana tsotsa. Kwalbar lemo ɗaya kan ɗauki sukari kusan cokalin shayi takwas ko tara. Ɗan ƙasa da shekara biyu kuwa bai kamata a saba masa da sukari a kunu ba tun farko. Abin da harshe ya saba da shi, shi zai nema.

Yaran da ke shan magani na ruwa kullum, kamar masu sikila, a lura yawancin waɗannan magunguna da sukari aka haɗa su. A ba shi kafin gogewar dare, ko ya kora da ruwa.

Mataki na huɗu: ɗaga leɓe sau ɗaya a wata

Ku fito da yaro haske, ko ku kunna tocilan waya, ku share haƙoran da tsumma su bushe. Alamar farko ba baƙi ba ce: wani farin layi ne mara sheƙi, kamar an goga alli, a gindin haƙori daf da dasashi. A wannan matakin ana iya juya abin baya da fuloraid da rage zaƙi. Idan ya koma ruwan ƙasa ko ya yi rami, sai aikin likita. Ku duba dasashi ma: ɗan ƙurji a saitin saiwar haƙori, mai fashewa ya dawo, alama ce jijiyar haƙorin ta mutu, mugunya na neman hanya, ko da yaro ya ce ba ya jin zafi.

Wajen shekara shida ku zuba ido a can ƙurya. Turame huɗu na girma suna fitowa a bayan na yarinta ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, don haka iyaye da yawa kan ɗauka su ma na famfara ne. Waɗannan ba su da madadi. Suna fitowa da ramuka masu zurfi, sun fi maƙwabtansu gajarta na wasu watanni, buroshi na tsallake su. A shigo da buroshi ta gefen kumatu a goge su daban. Likita na iya shafa musu wani abin toshe ramukan tun ba su ruɓe ba.

Mataki na biyar: girman muƙamuƙi

Ƙashi yana girma ne gwargwadon aikin da aka ba shi. A wani bincike da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, sun raini rema kashi biyu, wasu da ɗanyen abinci mai tauri, wasu da dafaffe mai laushi. Masu cin mai laushi ƙashin fuskarsu ta wajen muƙamuƙi bai kai na sauran girma ba. Masu nazarin ƙasusuwan mutanen da ma sun lura cunkoson haƙora ya ƙaru bayan abinci ya koma mai laushi. Gado yana da nasa kason babba, kuma tauna ba ta miƙar da haƙorin da ya riga ya karkace, amma yaron da daga kunu sai taliyar leda sai biredi da shayi bai ba muƙamuƙinsa aiki ba. A ba shi abin tauna daidai da shekarunsa: karas, gurji, kwakwa, nama, goriba. Gyaɗa da aya a jira ya kai shekara biyar saboda shaƙewa.

Tsotson yatsa ba abin damuwa ba ne ga jariri. Idan ya zarce shekara uku zuwa huɗu, sai ya tura haƙoran sama waje, ya matse ganda, a ciji haƙora a ga ƙofa a gaba. Duka da shafa barkono ba sa raba yaro da shi, sai dai ya koma ɓoye. A lura da lokacin da yake yi, ko gajiya ko barci, a ba hannun abin riƙewa, a yaba masa ranar da bai yi ba.

Ku leƙa shi yana barci. Mura a lokacin hunturu kan sa kowane yaro numfashi ta baki, wannan mai wucewa ne. Amma wanda kullum bakinsa a buɗe, yana minshari, ya tashi leɓe a bushe, sau da yawa wani nama ne a bayan hanci ya kumbura ya toshe hanya. In aka bar shi shekaru, muƙamuƙin sama kan tsuke, fuska ta yi tsawo, ga bushewar baki na ƙara ruɓa. Wannan na likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne, kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana nan cikin Kaduna.

Tazara tsakanin haƙoran yarinta alheri ce, domin na girma sun fi faɗi. Wushiryar da ke bayyana a shekara bakwai ko takwas yawanci takan matse da kanta idan fiƙoƙi suka fito wajen sha ɗaya ko sha biyu. Abin tsoro shi ne cire turmin yarinta da wuri: na bayansa sai ya zame gaba ya cinye gurbin, na girma ya rasa hanya ya ɓullo ta gefe.

Mataki na shida: idan ciwo ya zo

A ba shi farasitamol daidai da nauyinsa, a cire abincin da ya maƙale a ramin, a nemi likita. Ba a ba yaro asfirin, ba a kuma ɗora ƙwaya a kan dasashi, ƙona shi take yi. Ruwan batir, fetur da garin taba da wasu ke ɗigawa a kogo guba ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis yakan sa kumburi ya sace na ɗan lokaci ya dawo, domin tushen cutar na cikin haƙorin.

Akwai alamun da ba a kwana da su: kumburi ya hau wajen ido ko ya gangara ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi mai zafi, baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya ƙi haɗiyuwa, ko numfashi ya yi wuya. A tafi sashen gaggawa a daren, asibitin Barau Dikko, Asibitin Sojoji na 44, ko asibitin koyarwa na Shika ga na wajen Zariya.

Sai cutar noma, mai cin fuska. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Takan fara da dasashi mai ciwo da jini da wari mai ƙarfi, kunci ya kumbura, cikin kwanaki fata ta yi baƙi ta ɓule. Idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa tsira, alhali a farkonta magani da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023. Yaron da ya rame, bakinsa na wari, ba ya jiran gobe.

Idan yaro ya faɗi haƙorin girma ya fita gaba ɗaya, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye kaɗan a mayar cikin raminsa, in ba a iya ba a jefa shi cikin madara, a isa wurin likita cikin awa ɗaya. Na yarinta ba a mayar da shi.

Mataki na bakwai: abin lura a ɗakin likita

Aikin baki aikin jini ne, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a kan ƙarfe ko da jinin ya bushe. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita. Don haka mai cire haƙori a kasuwa da filaya ɗaya ga kowa ba wurin kai yaro ba ne, kome sauƙin kuɗinsa. Haka askar wanzami: cire beli ba ya ƙara wa jariri lafiyar kome, sai haɗarin zubar jini da shigar cuta. Rigakafin ciwon hanta na farko ana son jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa, a kuma cika sauran da ke katin.

A asibiti ma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Kayan aiki su fito daga leda a rufe, a yage ta a gabanku. Jikin ledar akwai alama mai sauya launi idan ta shiga na'urar turara kaya, wadda ke kai zafin tururi digiri 121 ko 134. Tafasawa a tukunya ko sharewa da sifirit bai kai wannan ba. Likita ya wanke hannu, ya sa sabuwar safar hannu da takunkumi. Idan ya ɗauki waya da safar, ya sauya. Allura sabuwa, kofi da bututun zuƙe yawu sababbi. Ba rashin kunya ba ne ki ce, "Likita, don Allah kayan nan an turara su?" Wanda ke aikinsa daidai zai nuna miki na'urar ma. Ki gaya masa idan yaron na da sikila, ciwon zuciya, jinin da ba ya saurin tsayawa, ko maganin da ba ya karɓarsa.

Ki tambaya ko za a iya ciko maimakon cirewa. Akwai cikon da ake yi da kayan hannu ba tare da injin huda ba, dabarar da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980, akwai kuma wani ruwan azurfa da fuloraid da ake shafawa ya tsayar da ruɓa, sai dai wurin yakan yi baƙi. In cirewa ta zama dole, a tambayi yadda za a tsare gurbin. Bayan an cire, ya ciji audugar rabin awa, kada ya kurkure baki ko ya yi ta tofar da yawu a ranar, ya ci abu mai laushi mara zafi. Ki sa masa ido awa biyu zuwa uku har allurar ta sake shi, domin yara kan tauna leɓen da ya mutu su ji masa rauni ba su sani ba. Washegari a fara kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan kowane cin abinci, a ci gaba da goge sauran haƙoran a hankali.